Gidan tsofaffi na ƙungiyar Yahudawa a Amurka: zai karɓi mahaifiyata Musulma, kuma yaya zaman yake?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a gefen birnin Boston da maigidana da yara uku, a gida mai ɗaki biyu da ke hawa na uku, babu lif. Mahaifiyata shekararta 69, tana da katin zama na dindindin, shekara shida ke nan tana tare da mu. Gwiwa ta fara damunta, sai ta yi mako ba ta sauka ƙasa ba, kuma wuni take ita kaɗai muna wajen aiki, yara suna makaranta. Wata jami'ar walwala a asibiti ta ba ni takardar wani gidan tsofaffi na ƙungiyar Yahudawa, ta ce in sa sunanta a layi. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Za su karɓi Musulma? Me za ta ci? Za a matsa mata da addininsu? Kuma ina tsoron dangi su ce na kai uwata gidan gajiyayyu na yar."

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri. Tambayarki ta haɗa abu uku: ko doka da tsarin gidan za su ba Hajiya ɗaki, ko za ta iya riƙe addininta da cimarta a ciki, da kuma ko wannan mataki watsar da uwa ne. Biyun farko suna da amsa a sarari. Na ukun ya dogara ne da fahimtar irin gidan da ake magana a kai, don haka daga nan zan fara.

Wane irin gida ne wannan

A Amurka wuraren zaman tsofaffi hawa-hawa ne, kuma mu a Hausa mukan tara su duka mu kira su gidan tsofaffi, shi ya sa ake samun ruɗani. Akwai gidan jinya, inda nas take kwana a bakin aiki, ana yi wa mutum wanka, ana ba shi magani, ana juya shi a gado. Akwai na tsaka-tsaki, inda mutum yake da ɗakinsa amma ma'aikata suna taimaka masa da wanka da sa kaya da abinci sau uku, kuma wannan yana da tsada ƙwarai. Sai na ukun, wanda kusan tabbas shi ne takardar da ke hannunki take nufi: bene ne na haya da aka keɓe wa masu shekaru, kowa da falonsa da ɗakin kwanansa da kicin da banɗaki, da makullinsa a hannunsa. Hajiya a nan 'yar haya ce mai yarjejeniya a rubuce. Ita za ta dafa tuwonta, ita za ta buɗe wa wanda ta ga dama ƙofa, ta fita lokacin da take so. Bambancinsa da gidan haya na kowa shi ne an gina shi don jikin tsoho, an rage kuɗin hayar, kuma an zuba hidimomi a ƙasan benen.

Yahudawan Amurka sun daɗe a wannan fage. Littattafansu sun yi umarni a miƙe tsaye don girmama mai furfura, kuma akwai addu'a a Zabura ta 71 da ke roƙon kada a yasar da mutum a lokacin tsufansa. Kalmar da suke kiran ciyarwa don Allah, tsedaka, tushenta ɗaya da sadaka da muka sani. Baƙi ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai da talauci, suka riƙa haɗa taro da sisi suna buɗe wa tsofaffinsu mafaka. Cibiyar Hebrew SeniorLife da ke nan Boston ta faro ne a 1903, Hebrew Home ta New York a 1917, ita kuma Selfhelp an kafa ta a 1936 don tallafa wa waɗanda suka tsero daga mulkin Nazi a Jamus.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dokar gidaje ta 1959, wadda ta ƙirƙiro shirin da ake kira Sashe na 202. A ƙarƙashinsa gwamnatin tarayya take ba ƙungiyoyin da ba na neman riba ba kuɗin gina gidaje don tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Coci-coci sun shiga, ƙungiyoyin ƙwadago sun shiga, Yahudawa ma suka shiga da ƙarfinsu. A Boston aka kafa Jewish Community Housing for the Elderly a 1965, wadda ta koma 2Life Communities a 2018, tana da gidaje a Brighton da Newton da Framingham da Brookline. Ƙungiyar B'nai B'rith ta buɗe gidanta na farko a Wilkes-Barre ta jihar Pennsylvania a 1971, daga nan ta bazu jihohi da dama. Ki riƙe wannan sosai, domin shi ne mabuɗin sauran bayanin: ƙungiyar ce ta Yahudawa, amma mafi yawan kuɗin ginin da tallafin hayar na gwamnati ne.

Ƙofar shiga da kuɗin haya

Tunda kuɗin gwamnati ne, ba su da ikon tambayar Hajiya addininta, balle su hana ta ɗaki saboda shi. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko ƙasar asali. Wannan ba magana ce ta takarda kawai ba. Idan kika shiga harabar gidajen 2Life na Brighton, kunnenki zai fi jin Rashanci da yarukan Sin, kuma akwai gidajen B'nai B'rith da Yahudawa ne 'yan tsiraru a cikinsu.

Abin da za a duba shi ne shekaru da samu da takardu. A Sashe na 202 sai mai gidan ya kai 62, kuma samunsa bai wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankin ba. Katin zama na dindindin ya wadatar a ɓangaren takardu. Za a kuma binciki tarihin haya da na laifi, kamar kowa.

Hayar ita ce kashi 30 cikin ɗari na samun mutum bayan an cire wasu rangwame, ciki har da wani ɓangare na kuɗin magani da yake biya daga aljihunsa. Wanda samunsa ya tsaya a dala 1,000 a wata bayan rangwamen, zai biya dala 300, gwamnati ta cika wa gidan sauran. Inda tallafin Sashe na 8 yake aiki, wato wani shirin gwamnati na tallafin haya, wanda ba shi da samu ko kaɗan mafi ƙarancin abin da ake nema a wurinsa dala 25 ne. Amma ki tambaya da kyau wane irin ɗaki ne za a sa ta a layinsa, don gini ɗaya yana iya haɗa iri biyu ko uku. Ɗakunan da aka gina da tsarin rangwamen haraji na 1986 hayarsu a yanke take, ba ta bin samun mutum, kuma sau da yawa sai an nuna mafi ƙarancin samu kafin a bayar. Iyalai da yawa sukan yi shekaru suna jiran irin wannan ɗaki, sai da layi ya zo kansu su gane ba shi ne mai kashi 30 ɗin ba.

Abu biyu ne suka fi kayar da mutanenmu a wajen cike takardar. Na farko, kuɗin da 'ya'ya suke ba uwa a kai a kai, ko da dala 200 ne duk wata, samu ne a idon hukuma, dole a rubuta. Na biyu, dukiyar da ke can ƙasarku ta asali ita ma ana lissafa ta: fili, gidan gado, hayar shago, asusun banki. Ana sabunta wannan bayani kowace shekara, gidan yakan aiko da takardar tuni kwana 120 kafin lokacin. Idan aka ɓoye wani abu daga baya ya fito, za a lissafa bashin haya a koma baya, wani lokaci har ya kai ga rasa tallafin. Faɗin gaskiya tun farko ya fi arha nesa ba kusa ba. Kuma da yake ke ce mai yiwuwa kika sa hannu a takardar ɗaukar nauyinta lokacin da za ta shigo ƙasar, ki zauna da lauyan shige da fice kafin a nema mata wani tallafin gwamnati, don wannan ɓangaren dokokinsa suna yawan sauyawa.

Layi kuwa dogo ne. A manyan birane ana maganar shekaru ne, ba watanni ba, wasu gidajen ma sukan rufe layin na wani lokaci. Shawarata ita ce ki sa sunanta yanzu, a gidaje uku ko huɗu, ko da ba ku yanke shawara ba, domin sa suna ba alkawari ba ne. Sannan ki kula da akwatin wasiƙa. Gidajen sukan aiko da takarda lokaci-lokaci suna tambaya ko har yanzu ana so, wanda bai amsa ba a cire shi. Sauya adireshi ba tare da sanar da su ba ya jawo wa mutane da yawa asarar shekarun da suka yi suna jira.

Inda Yahudancin yake bayyana

A kicin ɗin jama'a da kalanda yake bayyana, ba a ƙofar ɗakin Hajiya ba. Kuma gidajen ba ɗaya suke ba: wani yana bin ƙa'idar abinci sau da ƙafa, wani kuwa sunan ne kawai da 'yan bukukuwa.

Ƙa'idar abincinsu sunanta kosha. Babu alade, babu jini, babu jatan lande da ƙaguwa da duk wani na ruwa da ba shi da fiffiken iyo da ɓawo. Dabba sai ƙwararren mahauci ya yanka ta da wuƙa mai kaifi marar gibi, sannan a jiƙa naman a barbaɗa masa gishiri don jinin ya tsane. Abin da zai zame miki sabo shi ne ba a haɗa nama da madara, ba a tukunya ɗaya ba, ba a faranti ɗaya ba, ba a zama ɗaya ba. Idan kika leƙa irin wannan kicin za ki ga komai biyu-biyu: wurin wanke-wanke biyu, tukwane da ludaya da wuƙaƙe kashi biyu, an shafa wa na nama jan fenti a mariƙi, na madara shuɗi. Akwai mai sa ido da ake kira mashgiya, shi ne yake duba tambarin kowane buhu da gwangwani kafin a shigo da shi. Ranar da aka ba da kaza, ba za a ga man shanu ko shayi da madara a tebur ba.

Ga Musulmi, wannan ya fi kicin ɗin gidan da ba na kowa ba sauƙi, tunda an riga an kore alade. Malamai da yawa sun halatta yankan Ahlul Kitabi bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wasu kuma suna da sharuɗɗa, don haka Hajiya ta tambayi malamin da take bi, ba ni zan yanke mata ba. Inda za a yi hattara shi ne giya. Kosha bai haramta giyar inabi ba, ana sha a bikinsu na yammacin Juma'a, ana kuma iya zuba ta a miya. Gidajen tsofaffi da yawa ruwan inabi marar sa maye suke amfani da shi saboda masu shan magani, amma tambaya ɗaya ga shugaban kicin ta isa: akwai giya a wannan girkin? Sun saba da irin wannan tambaya, ba wanda zai ji haushi, don su kansu mutane ne masu tambayar abin da ke cikin tukunya.

Dokar kosha ba ta shiga ɗakin Hajiya. Ta dafa miyar kukarta da nama, ta dama furarta da nono, babu ruwan kowa. Iyakarta kada ta ɗauki tukunyarta ko cokalinta ta shiga kicin ɗin jama'a, kuma kada a kawo abincin waje zauren cin abinci sai an tambaya. Cokali ɗaya da ya shiga inda bai dace ba yana iya sa a dakatar da tukunya har sai an tsarkake ta da tafasasshen ruwa. Idan kuna son yin walimar sallah da maƙwabta, ku nemi ɗakin taro da ba a ƙarƙashin wannan ƙa'ida yake ba, yawancin gidaje suna da shi.

Sai Asabar, wadda suke kira Shabat. Tana shiga ne da faɗuwar rana ranar Juma'a, ta fita da fitowar taurari ranar Asabar da dare. Da yammacin Juma'a za a taru a zaure, mata su kunna kyandir, galibi na lantarki saboda tsoron gobara, a yi addu'a a kan burodi mai kitso da ake kira hala, a rera waƙoƙi. Mai so ya zo, wanda ba ya so yana ɗakinsa. A gidan da ke da masu tsananta ibada, ana saita lif ɗaya ya riƙa tsayawa a kowane hawa da kansa, don su ba sa danna maɓallin lantarki a ranar. Hajiya ta san wannan kada ta ɗauka lalacewa ya yi, ta hau ɗayan. A jikin dogaran ƙofofi kuma za ta ga wani ɗan kwano siriri a karkace, mai tsawon yatsa, da rubutun Attaura a naɗe a ciki. Mezuza ke nan. Idan ta tarar da shi a ƙofar ɗakin da aka ba ta, kada ta ɓalle ta yar, ta gaya wa ofis su zo su cire da mutunci.

Bukukuwan shekara suna taɓa hidimar gidan, shi ya sa ya kamata a karɓi kalanda tun ranar farko. A Idin Ƙetarewa, wanda yake faɗowa wajen Maris ko Afrilu, kwana takwas kicin ba ya fitar da burodi ko wani abu mai yisti. Wajen Satumba ko Oktoba akwai sabuwar shekararsu, da Ranar Kafara da suke azumin kusan awa 25, da Idin Bukkoki da ake kafa rumfa a tsakar gida a ci abinci a ciki. A waɗannan ranaku ofis yana iya kasancewa a rufe, sai ma'aikatan gaggawa.

Batun matsa mata da addini kuwa, ki kwantar da hankalinki. Yahudanci ba addini ne mai fita neman mabiya ba, kuma gidan da ke cin tallafin gwamnati ba shi da ikon tilasta wa kowa halartar ibada. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne za ta iya ganin tutar Isra'ila a wani zaure ko ta ji ana hirar Gabas ta Tsakiya a teburin cin abinci, kuma mazauna gidan kansu ra'ayinsu ya sha bamban a kai. Haƙƙinta na zama bai rataya a kan ra'ayinta ba. Za kuma ki ga tsaro ya fi na sauran gidaje, da kyamarori da rajistar baƙi a ƙofa. Dalilinsa a fili yake: a Afrilun 2014 wani ɗan bindiga ya kai hari cibiyar Yahudawa da gidan tsofaffi na Village Shalom a jihar Kansas ya kashe mutum uku, a Oktoban 2018 kuma aka kashe mutum 11 a wani wurin ibadar Yahudawa a birnin Pittsburgh.

Wanda yake riƙe da zaman

Idan kika je duba gidan, kada kyan falo ya ɗauke miki hankali. Ki nemi ganin jami'in haɗa hidima, wanda galibi mace ce da ta karanci aikin walwalar jama'a. Ingancin gida yana hannunta fiye da kowa. Ba ta yi wa kowa wanka, ba ta ba da magani. Aikinta ta san halin da kowane mazauni yake ciki ta haɗa shi da abin da ya cancanta a waje: ta cike masa takardar inshorar lafiya da ta tallafin abinci, ta nemo mai zuwa gida taimako da shara da wanka, ta shirya motar zuwa asibiti, ta bi sawun wanda aka sallamo daga gadon asibiti ta tabbatar akwai magani da abinci a ɗakin. Ki tambaye ta mutum nawa ke wuyanta, da kwana nawa take zuwa a mako. Wadda take zaune a ginin kullum tana gane Hajiya ta rame tun kafin ke ki lura. Wadda take yawo tsakanin gine-gine uku sai abu ya ɓaci take ji.

A nan ne ƙungiyoyin Yahudawa suka yi fice, kuma dalilin kuɗi ne da tsari. Tallafin gwamnati yana biyan gini da gyara da ɗan abin da ba a rasa ba. Malamin motsa jiki, nas mai zuwa auna hawan jini, ajin kwamfuta, tafinta, motar kasuwa, waɗannan mafi yawansu daga gudummawa suke fitowa, daga asusun haɗin gwiwar Yahudawan birnin da gidauniyoyi irin ta Harry da Jeanette Weinberg ta Baltimore. Suna da al'adar tara kuɗi duk shekara da ta haura shekara ɗari, kuma wanda ya amfana ba a tambayarsa addininsa.

Abincin rana na haɗuwa shi ne zuciyar zaman. A gidaje da yawa yana zuwa ne ta dokar tsofaffin Amurka ta 1965, ga duk wanda ya kai 60, gudummawa ake nema ba farashi ba, kuma an tsara farantin ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da jiki ke buƙata a wuni. Amfaninsa ya wuce cikin ciki. Shi ne yake sa tsohuwa ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali ta sauko, kuma kujerar da aka ga babu kowa a kanta ita ce ƙararrawar farko. Wasu tsofaffin gine-gine sun ɗaura kuɗin abincin a cikin yarjejeniyar haya, don haka ki tambaya ko dole ne, da yadda ake yi wa mai azumin Ramadan. Abin da aka saba shi ne a zuba masa a mazubi ya tafi da shi ɗaki.

Wasu gidaje suna da ɗan kati da ake ratayawa a mariƙin ƙofa da safe, alamar an tashi lafiya. Wani mazauni mai aikin sa kai yana bin hawan da misalin ƙarfe goma, ƙofar da bai ga kati ba ya ƙwanƙwasa, idan shiru ya kira ofis. A banɗaki da gefen gado akwai igiyar neman agaji da ke sauka har kusa da ƙasa, don wanda ya faɗi ya iya kai hannu. Tsofaffi da yawa sukan naɗe ta su ƙulle a sama wai tana shiga musu hanya. Duk zuwan da za ki yi ki duba ta, ki warware.

Akwai kuma majalisar mazauna, wadda dokar gwamnati ta ba su damar kafawa. Su suke shirya bukukuwa, su kai ƙorafi ofis, su tara kuɗin gaisuwar mara lafiya. Idan aka yi rasuwa, za ki ga abin da zai tuna miki da gida: suna gaggauta binnewa, ana wanke gawa a sa mata farin likkafani, iyali su zauna makoki kwana bakwai maƙwabta suna kai musu abinci.

Ki ja kunnen yara a kan abu ɗaya idan sun zo ziyara. A cikin maƙwabtan Hajiya ana iya samun waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida. Yaƙin ya ƙare a 1945, don haka waɗanda suka rage yara ne a lokacin, yanzu duk sun haura 80. Wani za a ga yana cusa burodi a aljihu ko da ya ƙoshi, wata ta firgita da bugun ƙofa mai ƙarfi ko ƙarar jiniya ko mutum mai kaki. Idan mantuwar tsufa ta zo, abin da aka binne shekara da shekaru yakan dawo sabo. Ma'aikatan an koya musu su ƙwanƙwasa a hankali, su faɗi sunansu, su bayyana abin da za su yi kafin su taɓa mutum. Wannan tarbiyya kowa a gidan yake amfana da ita.

Inda gizo ke saƙar

Ba addini ne zai wahalar da Hajiya ba, harshe ne. Gida yana iya cika da shirye-shirye, amma idan rabin zauren Rashanci suke yi, rabi yaren Sin, mai Hausa za ta zauna a tsakiyar mutane ɗari tana kaɗaici, wanda shi ne ciwon da kike son magancewa tun farko. Tsofaffi kuma suna da ƙungiyanci, kowane tebur da masu shi. Watanni ukun farko su ne ma'auni. Wadda ta sami ƙawa ɗaya da dalili ɗaya na saukowa kullum, ko lambu ne ko ajin Turanci ko ɗinki, takan zauna daram. Wadda ta rufe ƙofa a makon farko da wuya ta sake buɗewa. Don haka ki tambayi jami'ar ko akwai 'yan Afirka ta Yamma ko wasu Musulmi a ginin, ki nemi a haɗa su tun kafin a tare, ki kuma nemi a riƙa kiran tafinta ta waya duk lokacin da za a sa hannu a takarda. Ki auna nisan gidan da naki da masallacin da take zuwa. Gida mai matsakaicin kyau da ke minti goma daga gare ki ya fi na alfarma da ke awa ɗaya.

Sai ƙananan abubuwa na al'adarmu da suke zama manya. Turaren wuta da garwashi ba zai yiwu ba, na'urar hayaƙi za ta tayar da ginin gaba ɗaya har motar kashe gobara ta zo, ki saya mata kaskon lantarki idan dokar gidan ta yarda. Suyar manja da daddawa tana bin bututun iska ta shiga ɗakin maƙwabta, a kunna fankar kicin a buɗe taga. Alwala ita ce ta fi damuna: ɗaga ƙafa zuwa kwanon wanke hannu ga mai ciwon gwiwa, a kan tayil mai ruwa, hanya ce ta karyewar ƙugu. A sa mata kujerar wanka a cikin wurin shawa, da buta, da tabarmar roba mai kama ƙasa, ta yi alwalarta a zaune kusa da ƙarfen riƙewa. Idan babu ƙarfen a inda take buƙata, a rubuta wa ofis, doka ta wajabta musu yin gyara mai ma'ana ga mai lalura.

Baƙi da tafiya su ma suna da ƙa'ida. Jika zai iya kwana, amma gidaje da yawa sun iyakance kwanan baƙo wajen mako biyu, wanda ya zarce ya zama mazaunin da ba a rubuta ba, kuma wannan saɓa yarjejeniya ne. Tafiya gida ganin dangi ko aikin Hajji babu laifi, sai dai ɗakin dole ya zama shi ne mazauninta na ainihi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a yi fiye da kwana 60 a jere ba a nan, ko 180 idan jinya ce. Idan Hajiya mai zuwa gida ta yi wata biyar ce duk shekara, ku karanta wannan sashe na dokar gidan kafin ku sa hannu, ku kuma sanar da ofis a rubuce kafin kowace tafiya.

Abin da gidan ba zai yi ba

Babu nas da dare. Babu mai tuna mata lokacin magani sai an ɗauko shi daga waje. Idan ta ja igiya, motar asibiti za a kira. Muddin tana iya girki da wanka da kanta ko da ɗan taimako, gidan ya dace da ita. Idan jiki ya ƙara rauni ana iya ƙara hidima a hankali: mai taimako na wasu awoyi ta hanyar Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko shirin PACE na waɗanda suka kai 55 kuma suke buƙatar kulawa irin ta gidan jinya amma suna son zama a ɗakinsu, ko a nemi izinin mai kwana da ita, wanda ba a lissafa samunsa a haya amma ba shi da haƙƙin ɗakin bayanta. Inda abin yake tsayawa shi ne mantuwa mai tsanani. Ranar da aka fara barin murhu a kunne ko fita da dare ba a san hanyar dawowa ba, wannan gida ya daina isa, kuma gara iyali su tattauna wannan tun tana iya faɗin abin da take so.

Maganar dangi kuwa, ni a ganina wadda take hawa na uku babu lif, tana kallon bango daga safe har yamma, ta fi kusa da wadda aka yasar fiye da wadda take da makullinta da maƙwabta da 'yarta a kusa. Amma wannan sai idan ita ce ta zaɓa, kuma ku ba ku janye ƙafa ba. Ki kai ta ta gani da idonta sau biyu: sau ɗaya da rana tsaka a ranar aiki lokacin cin abinci, sau ɗaya da yammacin Juma'a. Ku zauna a zauren ku ci abincin, ta hau lif ɗin, ta shiga banɗakin ta gwada zama da tashi. Ki lura ko ma'aikata suna kiran mazauna da sunansu, ko allon sanarwa na wannan watan ne, ko akwai zarnin fitsari a lungu. A hanyar dawowa ki bar ta ta fara magana. Idan ta ce a'a, sunanta dai yana layi, kuma gidaje da yawa suna barin mutum ya ƙi tayin farko ba tare da an cire shi ba, amma wannan ma ki tambaya a rubuta miki.